Kason hedkwata: tilas ne mu tura alhali rufin majami'armu na yoyo?

Tambaya: Ni ne sabon ma'aji a wata ikilisiyar Baftis a kudancin Kaduna. Duk wata muna cire kaso daga baiko da zakka mu tura sama. Bana rufin majami'armu ya lalace, sai wasu dattawa suka ce mu dakatar da turawa har mu gama gyara. Wasu kuma sun ce in ma za a bayar, gara a miƙa wa wani mai bishara da muka sani hannu da hannu, tunda ba mu san abin da ake yi da kuɗin a can ba. Daga ina wannan tsari ya fito, kuma tilas ne?

Amsa: Ɗan'uwa ma'aji, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da ikon riƙe amana. Bari in faɗi matsayina tun da wuri: ku ci gaba da turawa, ku kuma matsa a ba ku lissafi a rubuce. Dattawanku ba su kawo sabon abu ba. Shawarwarin nan biyu, ta riƙe kuɗi da ta miƙa wa wanda aka sani, duk an gwada su a ƙasar da tsarin ya fito, an kuma ga inda suka ƙare. Saboda haka zan ɗan ja ka zuwa can kafin mu dawo kan kwanon rufinku.

Tsarin na Baftis ɗin kudancin ƙasar Amurka ne. Sun kafa babban taronsu a 1845 a garin Augusta na jihar Jojiya, bayan sun raba gari da 'yan'uwansu na arewacin ƙasar, waɗanda suka ƙi yarda a naɗa mai mallakar bayi ɗan mishan. Asali ne mara daɗin ji, su ma sai a 1995 suka fito fili suka nemi gafara a kansa. Su ne suka aiko Thomas Bowen, wanda ya sauka Badagry a 1850, daga baya ya zauna Ogbomosho.

Shekara 80 na farko ba su da asusu ɗaya. Hukumar mishan ta ƙetare tana da masu yawon neman taimako nata, ta cikin gida tana da nata, makarantar tauhidi, gidan marayu, asibiti, kwaleji, kowa da nasa. Wannan Lahadi wakilin marayu ya hau bagadi ya sa jama'a hawaye, a zuba. Lahadi mai zuwa na makaranta ya iso ya tarar aljihu ya bushe. Mai zaƙin baki shi ke tafiya da kuɗi, ko da aikinsa bai fi na kowa buƙata ba. Ikilisiyar birni da ke bakin layin dogo tana shan baƙi har fasto ya rasa ranar wa'azi, ta ƙauye kuwa sai ta shekara ba wanda ya leƙo. Kuɗin jirgi da masauki da albashin masu roƙon duk daga cikin abin da aka tara ake cirewa. Babu hukumar da ta san abin da za ta samu baɗi, don haka sai a ci bashin banki a biya ma'aikata, a zuba ido a ga ko baikon ƙarshen shekara zai rufe ramin.

Shawarar a miƙa wa mai bishara kai tsaye ma tsohuwa ce. Wajen 1890 wani ɗan mishan nasu da ya daɗe a ƙasar Sin, T. P. Crawford, ya dage cewa kowace ikilisiya ta aiki mutuminta ta ciyar da shi da kanta, ba tare da wata hukuma a tsakani ba. Ya sami mabiya, mutane masu himma ƙwarai. Amma bayan rasuwarsa a 1902 tafiyar ta yi ta dusashewa, wasu daga cikin mutanensa suka koma ƙarƙashin hukumar da suka bari.

A 1919, an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, auduga na tsada, sai suka ce bari a yi roƙo ɗaya babba da zai ɗauki dukan ayyuka: dala miliyan 75 cikin shekara 5. L. R. Scarborough, shugaban makarantar tauhidinsu ta Fort Worth, shi ya ja ragama. Alkawuran da aka rubuta sun haura miliyan 92. Hukumomi suka ga takardun alkawari suka ɗauke su tamkar kuɗi a hannu, suka kama gine-gine, suka tura sababbin ma'aikata, suka ci bashi. Sai farashin auduga ya faɗi warwas a 1920, manoman da suka yi alkawari suka kasa cikawa. Da aka rufe littafi a 1924, abin da ya shigo miliyan 58 ne da 'yan kai. Duk ma'ajin da ya taɓa ganin babban baƙo ya yi shelar miliyan a taron ƙaddamar da asusun gini, ya shiga mota ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ya san wannan ciwo.

Amma sun lura da wani abu. Miliyan 58 ɗin nan, duk da ta gaza, ta zarce abin da suka saba tarawa nesa ba kusa ba. Haɗa roƙon wuri ɗaya ya yi aiki. Dogara da alkawari ne ya kashe su. Daga nan ne a ranar 13 ga Mayu, 1925, a birnin Memphis, babban taro ya amince da abin da suka raɗa wa suna Cooperative Program, wato shirin haɗin gwiwa, bisa rahoton kwamitin da Fasto M. E. Dodd ya jagoranta. Kowace ikilisiya za ta cire kaso daga abin da ya riga ya shigo, ba daga abin da ake fata ba. Za ta tura shi ba tare da gindaya sharaɗin inda za a kai shi ba. Wakilan ikilisiyoyi kuma su ne za su zauna a taron shekara su amince da yadda za a raba.

Kuɗin yana fara sauka a ofishin jiha. Jiha ta riƙe nata, wanda a yawancin wurare ya haura rabi, duk da cewa burin farko shi ne a raba daidai wa daida, sannan ta tura saura ofishin ƙasa da ke Nashville. Shekaru da dama rabon na ƙasa haka ya kasance: kashi 50.41 cikin 100 na mishan ɗin ƙetare, 22.79 na mishan ɗin Amurka ta Arewa, 22.16 na ilimin tauhidi, inda makarantunsu 6 ke cin kusan duka, 1.65 na hukumar ɗa'a da 'yancin addini, 2.99 na tafiyar da ofis da taro. Ba na kawo lambobin don ka haddace su ba. Ka dai lura cewa a fili suke, har da abin da ke bayan ɗigo. Tsohuwa a ƙauyen Alabama za ta iya zama da fensir ta gano nawa ne daga dalarta ya kai hannun ɗan mishan. Wannan shi ne abin da ya kamata ku ma ku iya yi.

Hikimar kaso a maimakon tsayayyen adadi ita ce yana tafiya da ƙarfin mai bayarwa. Shekarar da damina ta yi kyau abin turawa ya ƙaru, shekarar fari ya ragu da kansa ba tare da an je roƙon afuwa ba. Ikilisiya mai mutum 40 da mai mutum 4,000 nauyi ɗaya suke ji a kafaɗa. Inda mutanenmu suka fi samun tuntuɓe shi ne suna ɗaukar abin kamar adashe: na zuba, yaushe kwasata? A adashe kowa abin da ya zuba shi yake ɗauka. A nan kuwa an shirya shi ne da gangan don wasu su zuba fiye da abin da zai taɓa dawo musu. Babbar ikilisiya a Abuja ko Legas ba za ta taɓa cin riba ba in da awon naira za a yi. Ƙaramar da aka dasa bara a bayan dutse ita ke ci. Ku da kuke tsakiya, akwai lokacin da ku ne kuka ci: wani ne ya biya malaman da suka horar da fastonku na farko, kuma ba ku san sunansa ba.

Yanzu ga zargin dattawa, cewa ba a san abin da ake yi da kuɗin ba. Kada ka ce musu rashin bangaskiya ne. Shekara 2 kacal da kafa shirin, a 1927, aka gano ma'ajin hukumar mishan ta ƙetare ya wawure sama da dala dubu 100. A 1928 kuma ma'ajin hukumar cikin gida, Clinton Carnes, ya yi layar zana, aka duba littafi aka ga babu dala dubu 909 da ɗoriya. A Kanada aka kamo shi, sai ga shi ashe ya taɓa zaman kurkuku kafin a ba shi muƙamin, ba wanda ya bincika. Ga bashin baya, ga sata, ga kuma karyewar tattalin arzikin duniya a 1929. Aka rage ma'aikata, ayyuka suka tsaya. In akwai lokacin da ikilisiyoyi suke da hujjar cewa kowa ya kama gabansa, to lokacin ne.

Ba su watse ba. Sun ware wata Lahadi a Nuwamban 1928 suka yi baiko na musamman don wanke sunansu a wurin masu bin bashi. Suka tsaurara binciken littattafai, suka daina barin mutum ɗaya da ikon cin bashi da sunan hukuma. A 1933 suka kafa wata ƙungiya da ke neman mutum dubu 100 masu ba da dala 1 kowane wata, ƙari a kan baikon da suka saba, don biyan bashi kawai. Sai a 1943 suka gama biya. Shekara 15 suna gyaran ɓarnar da rashin sa ido ya jawo, amma ba asusun suka rushe ba, ƙofarsa suka ƙara wa kwaɗo.

Manzo Bulus ya riga su. Wannan batu ya ɗauki sura biyu cur a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, ta 8 da ta 9, ban da abin da ya faɗa a ta fari sura 16 da Romawa sura 15. Ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima, mutanen da yawancin masu bayarwar ba su taɓa gani ba, ba kuma ƙabilarsu ɗaya ba. Dubi yadda ya tsara. Ya ce kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada sai ya iso a tashi tara kuɗi a gurguje. Korantiyawa sun yi ɗokin farawa, shekara ta zagayo ba su cika ba, sai ya tuna musu da 'yan Makidoniya da suka fi su talauci amma suka roƙa a bar su su bayar. Ya ce ba nufinsa wasu su huta wasu su matsu ba, so yake a daidaita, yalwar yau ta rufe rashin wani, gobe ta wancan ta rufe naka.

Abin da masu wa'azin bayarwa kan tsallake shi ne ƙarshen sura ta 8. Bulus bai yarda ya ɗauki jakar shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, ya kuma faɗi dalili: kada wani ya sami abin zargi game da wannan dukiya, domin yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. A Ayyukan Manzanni 20:4 an jera mutum 7 daga Biriya da Tasalonika da Darba da Asiya da suka raka shi, masana da yawa na ganin wakilan masu bayarwa ne. In manzo ya nemi a sa masa ido, ban ga wani shugaban ofis da zai ce tambayar lissafi raini ce ba.

Sai maganar mai bisharar da kuka sani. Ban hana ku taimake shi ba, zan dawo kan yadda za a yi. Amma ka yi tunanin abin da zai faru in kowace ikilisiya ta mai da kasonta haka. Mai bisharar da yake da waya mai kyamara, ya iya ɗaukar hoto, yana da ɗan'uwa a cikin dattawan wata babbar majami'a, zai sami babur biyu. Wanda ke can inda babu sabis, shiru-shiru, ba ya iya roƙo, zai sayar da akuyar matarsa ya biya wa yara makaranta. Ranar da mutumin naku ya kwanta ciwo, ko ya saɓa da dattijon da ya kawo shi, ko aka canja fasto sabon ya zo da nasa mutumin, wa ke da shi? Akwai kuma ayyukan da ba wanda zai taɓa tashi ya ce ga nawa a kai can: fanshon gwauruwar tsohon fasto, albashin malamin Helenanci, kuɗin lauyan da ke bin takardar filin majami'a, kuɗin mai binciken littattafan da dattawanku ke so a yi. Babu hoto mai sa hawaye a cikinsu. Asusun da ba a gindaya wa sharaɗi ba ne kaɗai ke biyan irin waɗannan.

Su Amurkawan yanzu wannan ce damuwarsu. A shekarun 1980 ikilisiyarsu a matsakaici tana tura kusan kashi 10 cikin 100. Yau abin ya sauko wajen kashi 5, domin da yawa sun fi son su zaɓi ayyukansu da kansu. Sakamakon ya fito fili a 2015, lokacin da hukumar mishan ta ƙetare, a ƙarƙashin David Platt, ta sanar cewa cikin shekara 6 ta kashe dala miliyan 210 fiye da abin da ya shigo, tana toshe giɓin da sayar da kadarori da taɓa ajiya. Kafin a gama, 'yan mishan 983 da ma'aikatan ofis 149 sun ajiye aiki. Ba wata ikilisiya ɗaya da ta yanke shawarar a dawo da su gida. Kowa dai ya rage nasa kaɗan, yana ganin ba za a ji ba.

Hanyar da ta dace ga bayarwa mai sharaɗi ma su suka nuna ta, kuma mata ne suka buɗe ta. A 1887 wata 'yar mishan a Sin, Lottie Moon, ta rubuto tana roƙon a yi baiko na musamman lokacin Kirsimeti don a ƙaro ma'aikata. Ƙungiyar matansu, wadda aka kafa a 1888, ta tara dala 3,315 a wannan shekarar. Yau wannan baiko yana kawo wa hukumar fiye da abin da take samu daga kason. Amma a kan kason aka ɗora shi, ba a madadinsa ba. Haka za ku yi da mai bisharar ku: zumuntar mata ko matasa su ɗauki nauyin buhun masara ko gyaran babur, ko a keɓe masa Lahadi ɗaya a shekara, kason kuma ya tafi inda ya saba.

A Najeriya an kafa ƙungiyar Baftis a Ibadan a 1914, ta ɗauki sunan Konbenshan, wato babban taron Baftis na ƙasa, a 1919. 'Yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarbawa ne suka fara kawo ta Zariya da Kaduna da Kano da Jos, daga baya aikin ya shiga cikin masu jin Hausa, aka sami makarantar horar da fastoci a Kawo, Kaduna. Turawan da suka koyar a irin waɗannan makarantu daga wancan asusu aka biya su. Konbenshan ta gaji tsarin, ta kafa hukumar mishan tata a 1953, har ta tura nata mutane Saliyo. Amma akwai bambanci da ya kamata a faɗa. A Amurka kowace ikilisiya ita ke yanka wa kanta kaso. A nan an daɗe da sanin kashi 20 na Konbenshan, ban da na konfarens da na asosiyeshan, wato tarayyar ikilisiyoyi ta babban yanki da ta ƙaramin yanki. Ke nan manoman doya da citta suna ba da kason da ya ninka na masu dala sau huɗu, ko fiye. Nauyi ne na gaske, kuma duk shugaban da ke karɓarsa bai kamata ya yi mamaki ba in an tambaye shi farashin motar ofis.

Ba Baftis kaɗai ke da irin wannan ba. ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, tana da hukumar bishara ta EMS da aka fara tun 1948, mai ma'aikata sama da dubu, aikin da babu wata majami'a ɗaya da za ta iya ɗauka. EYN kuwa, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, ta ga ranar da ake buƙatar haɗin kai. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci, gundumomi da dama suka watse gaba ɗaya. Faston da garkensa ya tarwatse zuwa Yola da Kamaru ba shi da tiren baiko. Da kowace ikilisiya zaman kanta take yi, da babu hannun da zai karɓi taimakon 'yan'uwa na gida da na waje ya raba.

To, tilas ne? A tsarin Baftis ikilisiya ce ke mulkin kanta, babu bishop da zai zo ya rufe muku ƙofa. Babu kuma ayar da ta ce kashi 20. Wasu kan kawo Littafin Ƙidaya sura 18, inda aka ce Lawiyawa su fitar da zakka daga zakkar da suka karɓa. Misali ne mai kyau, amma ni ba na ɗaukarsa doka a kan ikilisiya. Abin da ya ɗaure ku alkawari ne. Kun shiga tarayya da yardarku, wakilanku suna zama a taron da ake amince da kasafi, an kuma ɗauki mutane aiki bisa tsammanin kuɗinku. Wanda bai yarda da adadin ba, akwai inda ake kai ƙudurin a rage. Janye hannu a ɓoye daban ne. Kuma ka sani, ranar da kuɗi ya ragu a sama, ba man motar shugaba ke fara yankewa ba. Alawus ɗin mai bishara na ƙauye da na ɗalibi ne ke makara.

Game da rufi, duba ƙa'idarku da aka rubuta. A asalin tsarin, daga kuɗin da ba a keɓe wa wani aiki ba ake cire kaso. Saboda haka ku buɗe asusun rufi a fili, da sunansa, da littafinsa. Ku haɗa shi da godiyar kaka, wanda ba shi da kuɗi ya kawo buhu. Ku rubuta wa 'ya'yan garin da ke birni. Kafintocin cikinku da matasa su ba da ƙarfi. Ku kuma kai kukanku asosiyeshan, domin dalilin kasancewarta ke nan, kuma bakin wanda ke biya a kai a kai ya fi kaifi a wurin. In abin ya ci tura, wata biyu ko uku kun kasa, ku rubuta takarda ku faɗi gaskiya, ku shigar da shi littafi a matsayin bashi, ku ba da lokacin biya. Ni dai shawarata ga kowane ma'aji ita ce ya cire kason ranar Litinin ɗin farko bayan ƙirga, kafin a zauna rabon sauran. Abin da aka bari sai ƙarshen wata ba ya kwana.

Akwai dabarar da nake so ka guje mata, domin a hannunka za ta bi. Wasu ikilisiyoyi sukan ce wa jama'a su rubuta gini a jikin ambulan ɗin zakka, ko su riƙe littafi biyu, ɗaya na gida ɗaya na nunawa sama. Ana yi ana dariya, wai wayo ne. Ma'ajin da ya koyi rubuta lambar ƙarya don amfanin ikilisiya ya riga ya koyi rubuta ta, kuma dattawan da suka sa shi ba su da bakin tuhumarsa gobe. Sa hannunka ne a ƙasan takardar, ba nasu ba.

In kuwa kun nemi lissafi an hana ku fa? Riƙe kuɗi shi ne makami na ƙarshe, kuma yana sara fiye da inda aka nufa. A 2017 wata babbar ikilisiya a jihar Texas ta riƙe kusan dala miliyan 1 saboda ta fusata da hukumar nan ta ɗa'a da 'yancin addini, sai ga shi har 'yan mishan da makarantu abin ya shafa, bayan 'yan watanni ta saki. In har za a kai ga haka, a yi shi a taron ikilisiya, a rubuta dalili, a sanar da waɗanda abin ya shafa, kuɗin kuma ya zauna a banki ba a taɓa ko kwabo. Kuɗin da aka riƙe don neman gyara, sannan aka sayi kwano da shi, ba neman gyara aka yi ba.

Kafin nan akwai matakai da yawa da na san yawancin ikilisiyoyi ba su taɓa takawa ba. Ka karɓi rasit a kan kowane turawa, ka ajiye su a jere. Ka nemi littafin rahoton shekara da ake rabawa a babban taro. Sau da yawa yana nan a ofishin fasto ba wanda ya buɗe. Ku daina tura wakili don kawai shi ne mai lokaci ko don a ba shi kuɗin mota; ku tura wanda ya iya karanta lissafi, ku ba shi tambayoyi a rubuce. Nawa ya shigo bara? Kashi nawa ya tafi ofis, nawa ya kai filin bishara, nawa makarantu, nawa fansho? Wa ya binciki littafin, na ciki ne ko na waje? Masu bishara nawa ake biya a konfarens ɗinku, kuma wata nawa suke bin bashi? Ka fara da dattijon da ya fi kowa ƙorafi, ka roƙe shi ya zama cikin wakilan bana. Abin da suka dawo da shi, ka karanta wa ikilisiya da Hausa a taron harkokin ikilisiya mai zuwa, lamba bayan lamba, tare da naku lissafin na gida, sannan ka manna kwafin duka biyun a allon sanarwa.